Lambobin Da Na Goge A Littafin Malama

Ku gafarce ni da shirun kwana tara da na yi muku. Masu turo saƙo suna tambayar ko na ba Eskil amsa, na ga saƙonninku, ba share ku na yi ba. Maganar aure tana nan inda na ajiye ta. Abin da ya zaunar da ni yau daban ne, abu ne da na ɓoye muku tun da na fara ba ku labarin nan, don ina so ku ci gaba da yi min kallon mutuniyar kirki. Yau zan faɗa, mai zagi ya zage ni.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, sunana Tuva, shekarata ashirin da huɗu, haifaffiyar Trondheim. Fiyano nake kaɗawa tun ina 'yar shekara bakwai, kuma mutum ɗaya ce ta ɗora min yatsu a kansa, Malama Gunvor. Eskil kuwa shi ne mai neman aurena, injiniya ne a Oslo, ɗan ƙawar Mamata.

Ranar Litinin da safe ina kicin, sanye da tsohuwar rigar sanyin Baba mai ruwan toka wadda ta huje a gwiwar hannu, ƙafata da safa kala biyu don na rasa 'yar'uwar ɗaya. Mama na tsaye tana zuba ƙullun waina a ƙarfen gashi, ƙamshin man shanu ya cika gidan. Wayata ta yi ƙara a kan tebur. Kallo ɗaya na yi mata na san mai saƙon, don duk duniya mutum ɗaya ke rubuto min da manyan baƙaƙe, ba sallama ba gaisuwa.

"LAHADI ƘARFE ƊAYA A COCI. SHI NE NA ƘARSHE. KAWO MIN KOREN LITTAFI RANAR ALHAMIS. KE ZA KI JUYA MIN SHAFI."

Gahawar da ke hannuna ta zube min a cinya, ban ma ji zafinta ba.

"Ke! Lafiya? Wa ya mutu?" in ji Mama.

"Ba kowa. Malama ce."

Mama ta taɓe baki ta juya wainarta. "Sarauniya ta yi kira ke nan. To tashi ki ruga, kar ta ƙirga uku ba ki iso ba."

Bari in tsaya in faɗa muku ko wace ce Malama, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya firgita ni ba. Shekararta saba'in da takwas. A zamaninta ta yi wasa a manyan zauruka daga Stockholm har Vienna. Akwai hotonta a falo cikin baƙar doguwar riga, gashi a naɗe, fuska a murtuke kamar mai shirin yanke wa wani hukunci. Tana shekara arba'in mahaifiyarta ta kwanta ciwo, ta dawo gida jinya da niyyar wata shida, ba ta sake komawa ba. Sai ta buɗe ƙofa ga yaran unguwa, 'ya'yan masunta da na direbobin bas, ta yi ta koyarwa har kanta ya yi fari fat. Ba ta taɓa aure ba. In an tambaye ta sai ta ce ai ta auri katako mai ƙafa uku, kuma har yau bai taɓa mayar mata da magana ba.

A watan Afrilu ta faɗi a kicin ɗinta. Likita ya ce jini ne ya ɗan tsaya a ƙwaƙwalwa. Ta tashi, tana tafiya, tana faɗa da kowa kamar da, har muka ce an tsallake. Ashe abin da ta haddace shekara sittin ne ya fara zubewa. Kiɗan yana nan a kanta, za ta rera maka shi daga farko har ƙarshe, amma hannun ya manta wane yatsa ke bin wane.

Mu masu fiyano yatsunmu lamba gare su, babban yatsa ɗaya, ɗan ƙaramin biyar. Malami yana rubuta maka lambar da fensir a saman kowace alamar kiɗa. A wuri mai gudu, in ka sa na uku inda na huɗu ya kamata, yatsu za su ƙare maka kafin layin ya ƙare.

Koren littafin kiɗa ɗaya ne a cikinsa, dogo, wanda da shi Malama ta yi suna. Malaminta, Malam Sandor, shi ya fito da littafin daga Budapest a cikin akwati ɗaya tal lokacin da ya gudo yana saurayi. Hannu uku ne a ciki: lambobin malamin Malam Sandor, da nasa, da na Malama a sama. Dokar gidan Malama biyu ce, kowane ɗalibi ya sha ta tun ranar farko. Ba a goge fensir. In ba ka yarda da lambar na gabanka ba, ka rubuta taka a sama ka bar masa tasa. Sannan ba ka kai hannunka wurin wani malami sai da izininta.

Shekara biyu da suka wuce ta miƙo min littafin ta ce, "Riƙe shi a wurinki. Kar ki ci abinci a kansa." Iyakar abin da ta ce ke nan, amma duk wanda ya taɓa zama a kujerar gidan nan ya san ma'anarsa. A ranar, ina kuka na isa gida.

To dokokin nan biyu, ni Tuva, duk na karya su.

A watan Janairu na roƙe ta ta bar ni in shiga wata gasa, ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Ba ki nuna ba tukuna." Shekara sha bakwai ina jin wannan magana. Na fito ina huci. Na kira Eskil ina kuka, shi kuma ba ya iya jin kukana bai nemi abin gyarawa ba. Kafin sati ya zagayo ya samo min ganin wani Farfesa Rustad a Oslo. Mama ta yi ta murna har da sayo min sabon kwat. Na ce wa Malama wurin Eskil nake zuwa duk bayan sati biyu, rabin maganar kuwa gaskiya ne.

Ranar farko Farfesa ya ɗaga koren littafin da yatsu biyu a gaban ɗalibai shida, ya ce, "A wane gidan tarihi kika aro wannan?" Suka kwashe da dariya. Ya ce, "Kar ki sake zuwar min da yatsun matattu."

Na san abin da za ku ce. Me ya hana ni sayen sabon littafi? Akwai shago a kan titin, ta gabansa na wuce, har na ga irinsa a taga. Ban saya ba. Zuciya ce ta ci ni, kunyar dariyar da aka yi min ta haɗu da haushin "ba ki nuna ba", na rasa wanda zan huce a kansa sai takarda. Ranar Asabar da rana muka zauna a teburin Eskil, kilina biyu, shafi goma sha ɗaya. Ya kunna rediyo, yana hure ɓurɓushin yana ba ni dariya. Na yi dariya, jama'a. Ina goge hannun mutanen da suka mutu ina dariya. Shi ya goge shafi na tara, ya kuwa danna sosai, don Eskil ba ya son aiki rabi da rabi.

Daga nan wata biyar na yi ina maimaita lambobin Farfesa, sau ɗari a rana, a wata takarda dabam da ya ba ni. A gidan Malama kuwa wasu kiɗe-kiɗen muke yi, na ce mata na jingine wancan ya ɗan huta. Ta ce, "Kin fara hankali." Ana cikin haka ciwonta ya zo, maganar ta bi ruwa, littafin yana ƙasan akwatina a cikin tsohon mayafi.

Mu koma kicin. Mama ta dire min faranti, waina biyu da yankan cuku mai ruwan ƙasa a kai.

"Lahadi dai kin san Eskil da mamarsa za su zo cin abinci. Na riga na sayi naman rago da kabeji."

"Lahadi Malama za ta yi wasanta na ƙarshe, Mama. Ƙarfe ɗaya."

"Na ƙarshe! Allah Ya sa da gaske take." Ta goge hannu da tawul ta zauna ta tsare ni da ido. "Tuva, shekara sha bakwai matar nan tana juya ki. Yaro ya kawo zobe tun bazara kin bar shi a tsaye. Yana da gida, yana da aiki, yana wanke kwanon da ya ci abinci. Me kike nema? So kike ki ƙare kamarta, daga ke sai katako sai kyanwa?"

"Ba ta da kyanwa, Mama."

"To ko kyanwar ma ba ta iya zama da ita ba."

A raina na ce, da kin san abin da 'yarki ta yi wa matar nan da kin sassauta mata. Na ɗauki wayata na haye sama.

Na rubuta wa Eskil: "Tana son littafin."

"Wane littafi?"

"Wanda muka goge."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. "Kin ɗauki hotonsa kafin mu goge?"

"A'a."

"Haba Tuva."

Bayan minti biyu: "Kar ki yi kuka. Gobe zan biyo jirgin ƙasa na safe. Ina da dabara."

Ranar Talata da azahar ya iso cikin shuɗin kwat da farar riga mai guga, gashi a kwance, da furanni na Mama a hannu ɗaya. A jakarsa kuwa tocila ce, da madubin ƙara girman rubutu, da fensir kala uku. Muka shige ɗakina muka ja labule da rana tsaka. Mama ta ɗauka soyayya ce ta motsa, sai zirga-zirga take a bakin ƙofa tana tari.

"In kawo muku gahawa, ko in bar ku?"

"Ki bar mu, Mama!"

"To, to. Ni ban ga komai ba."

Dabarar Eskil ita ce, fensir ko an goge shi yana barin gurbi a takarda. In ka kwantar da hasken tocila daga gefe sai gurbin ya fito. Shi yana haskawa yana karanto min, ni ina rubutawa ina kwaikwayon hannu uku. Huɗun Malam Sandor a buɗe take a sama. Biyun Malama tana da doguwar wutsiya. Na tsohon malamin can ƙanana ne, sai ka ƙanƙance ido. Ban taɓa sanin na haddace rubutunsu haka ba sai ranar da na zauna yi musu jabu.

Kwana biyu muka yi a kai. Shafi goma suka dawo. Na tara kuwa, inda kiɗan ya fi gudu, takardar ta kurje ta yi gashi-gashi, layi huɗu babu ko gurbin lamba ɗaya.

"Zauna ki kaɗa mana," in ji Eskil. "Ai hannunki zai tuna."

Na sauko falo na zauna a fiyanonmu. Na rufe ido na saki hannu, ya bi hanyar Farfesa. Na sake, ya sake bin ta. Sau ashirin, a hankali, da sauri, da hannu ɗaya, har a kan cinyata na gwada. Shekara ɗaya da rabi na yi ina kaɗa layukan nan da lambobin Malama, amma wata biyar ɗin Oslo sun share su tas. Ban iya rubuta na Farfesa ba, don salonsa daban ne, Malama za ta gane. Sai na ƙirƙiro wasu da suka yi kama da irin nata, na rubuta da wutsiyar biyunta.

"Zan faɗa mata," na ce, ina rufe littafin.

Eskil ya riƙo hannuna. "Ki faɗa mata ki gyara me? Tsohuwa ce da ta tashi daga ciwo. Layi huɗu ne fa, Tuva, cikin shafi talatin. Ƙila ma hannunta ya wuce wurin da kansa. Ki bar ta ta yi wasanta cikin farin ciki, a yi mata tafi, ke kuma Litinin ki biyo ni. Ɗakin da ke kallon lambu na share miki, fiyano zai shiga, na auna."

Ya auna fa. Irin Eskil ke nan, kuma abin da ke wahalar da ni ke nan, don ba mugu ba ne. Kuna ta tambayata ko ina sonsa. Ina jin ina sonsa. Amma tun ranar Litinin, duk lokacin da na kalli hannunsa ɓurɓushin kilina nake gani.

Ranar Alhamis ƙarfe goma na safe na sa baƙin siket da farar rigar saƙa, na ɗaure gashina baya yadda Malama ke so, don ta tsani gashi yana shiga ido. Gidanta na katako ne mai ruwan ɗorawa, a kan tudu, ana hango teku daga taga. Na cire takalmi a bakin ƙofa na zura silifas ɗin ulu da take ajiye min. Falon na nan yadda yake, ƙamshin gahawa da man goge katako, agogon bango da ta tsayar tun kafin a haife ni don wai yana yi mata katsalandan a kiɗa.

Ta fito cikin shuɗiyar riga mai duhu, da ƙaramin fil na azurfa a ƙirji, har da jan baki. Gwaji ne kawai, ni kaɗai ce mai sauraro, amma ta yi shiri kamar zaure ya cika.

"Kin rame," ta ce. "Wannan injiniyan ba ya ba ki abinci ne? Kawo."

Na miƙa mata da hannu biyu. Ta shinshina bangon.

"Kin ci abinci a kansa?"

"A'a, Malama."

"Madalla." Ta buɗe shafin farko ta shafa shi da tafin hannu, muryarta ta yi ƙasa. "Sannu, tsoho. Ka ga yadda na koma, sai da kai."

Na zauna a hagunta, ɗan baya kaɗan, inda mai juya shafi ke zama. Aikin ba wuya in ka iya: ka miƙe kafin layin ƙarshe, ka kama kusurwar sama da hannun hagu, ka jira ta gyaɗa kai, ka juya ba tare da an ji ƙarar takarda ba. Tun ina shekara sha biyu nake yi mata.

Ta fara. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Matar da wata biyar ba ta iya haɗa layi biyu ba, ga ta tana tafiya tiryan-tiryan. Idonta na kan lambobin, hannun na amsawa. A shafi na huɗu na ga gefen bakinta ya motsa, murmushi take. A na shida ta daina duba kowace lamba, sai jefi-jefi. Na fara cewa a raina ƙila Eskil ya yi gaskiya. Ta gyaɗa kai, na juya zuwa na tara.

Layi na farko ta wuce. A na biyu hannun dama ya harɗe, sauti biyu suka fita tare.

Ta tsaya. Ta gyara tabarau. Ta koma baya ta sake, ya sake harɗewa a wurin. Ta rage gudu kamar 'yar koyo, tana karantawa da baki, "Uku, ɗaya, huɗu, biyu..." Hannun ya bi, amma a ɗarare, yana laluben madannan. Sau bakwai ta gwada, ina ƙirgawa. A na bakwai ta janye hannayenta ta ɗora a cinya, ta zuba musu ido.

"Shekara sittin ina bin lambobin nan," ta ce a hankali. "Yau na dube su ban san su ba."

"Malama, gajiya ce. Mu huta mu..."

"Yi min shiru." Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi. "Likita ya gaya min. Ya ce da farko mutum yana mantawa, in an nuna masa sai ya tuna. Daga baya ko an nuna masa ba zai gane ba. Na ce masa ni ba zan kai nan ba." Ta taɓa shafin da yatsa. "Ga rubutuna, ga biyuna da wutsiyarta. Ni na rubuta, kuma hannuna bai taɓa jin labarinsa ba. Ya zo ke nan, Tuva. Yau lambobi ne, gobe sunanki ne."

Ta sauke murfin fiyanon a hankali. Ban taɓa ganin ta rufe shi da rana ba.

"Ɗauko min wayata a kan taga. Ki kira Oddvar mai kula da coci, ki ce a cire sanarwar. Ni in na yi magana muryata za ta ba ni kunya. In kin gama ki kira 'yar ƙanena, ki ce gidan tsofaffin nan da take ta nacin in je in gani, na yarda."

Hawaye suka ɓalle min. Sai ta miƙo hannu, hannun nan da ya gama ba ta kunya, ta share min fuska da babban yatsa. Shekara sha bakwai ba ta taɓa yi min haka ba.

"Ke kuma kukan me? Ba laifinki ba ne, 'yar nan. Kin riƙe min shi da kyau."

Na miƙe na je taga don kar ta ga fuskata. Wayata ta motsa a aljihun siket, na leƙa. Eskil ne: "Yaya? Ta wuce wurin?" Na mayar da ita. Na ɗauki ta Malama na nemo sunan Oddvar na danna. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu. A raina ina cewa, in na yi shiru shi ke nan, ba wanda zai taɓa sani, Litinin ina Oslo. Ita kuma ta tattara kayanta ta tafi gidan tsofaffi da kai lafiyayye, tana jiran ranar da za ta manta sunana.

"Alo? Gunvor?" in ji muryar Oddvar.

Na kashe wayar.

"Malama, ba kanki ba ne."

"Na ce ki daina lallashina."

"Ba rubutunki ba ne. Nawa ne. Na goge. Shafi goma sha ɗaya na goge tun Janairu, na kai hannuna wurin wani malami a Oslo. Shekaranjiya na mayar da su ta gurbin fensir, amma na tara ya ƙi fitowa, sai na ƙirƙira. Layi huɗun nan ba ki taɓa ganinsu ba sai yau."

Ta ɗauki littafin ta taho taga, na matsa mata. Ta ɗaga shafin a haske, ta bi kurjin takardar da ɗan yatsa, sama da ƙasa. Ta daɗe a haka.

"Ba kaina ba ne," ta ce, ba ni take kallo ba.

"Ba kanki ba ne, Malama."

Ta koma ta zauna daɓas a kujerar fiyano. Wani sauti ya fito mata, na kasa gane dariya ce ko kuka, ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na girgiza. Na matso zan taɓa ta, ta ɗaga min yatsa ɗaya, na tsaya cak. Da ta ɗago, fuskar hoton falo ce ta dawo.

"Wa?"

"Farfesa Rustad."

"Wannan mai dukan fiyano kamar yana faskare? A kansa kika goge min Sandor?" Ta cire tabarau ta goge da gefen riga ta mayar. "Sandor ya bar uwarsa a tasha, ya bar takalmansa, ya ɗauko littafin nan. Ke kuma kika sa masa kilina."

Na durƙusa a gabanta. "Ki yafe min."

"Tashi, ba a coci muke ba. Ban yafe ba, kar ki ɗauka na yafe. Maganata da ke sai bayan Lahadi, kuma ba za ki ji daɗinta ba. Yanzu kwana uku gare ni, ba ni da lokacin tsanarki."

Ta ɗaga murfin fiyanon. Ta tashi daga kujerarta ta koma tawa ta hagu, ta zaro fensir daga cikin gashinta, ta buɗe shafi na tara a kan gwiwa. Idonta har wani haske yake, irin wanda rabona da ganinsa tun kafin Afrilu.

"Zauna. Shekara ɗaya da rabi kika yi kina kaɗa shi da lambobinmu, ni na tsaya a kanki. Takarda ta lalace, amma suna nan a hannunki, ke ai kanki ƙalau yake. Ki kaɗa a hankali, sauti ɗaya-ɗaya, ni zan rubuta a sama."

Na buɗe baki in faɗa mata sauran, maganar wata biyar, maganar sau ɗari a rana. Na kalli fuskarta, yanzun nan ta dawo daga inda na jefa ta. Bakina ya ƙi.

Na zauna. Na ɗora hannun dama a kan madannan. Na roƙi yatsuna, ko sau ɗaya, su tuna matar da ta raine su. Yatsa na biyu ya sauka, daidai inda Farfesa ya koya masa.

Malama ta sunkuya, na ji ƙarar fensir a kan takarda.

"Biyu," ta ce. "Yauwa 'yar nan. Sai na gaba."